Yadda Lado Ya Riga Ubansa Zuwa Ƙaho

Ranar kasuwar Kurfi ce, rana ta take, Lado ya tuɓe riga ya sunkuya yana hura wutar tukubar tsirensa, sai ya ji wani abu mai kaushi da danshi ya bi gadon bayansa tun daga ƙugu har ƙeya. Ya waiwaya. Maraƙi ne. Maraƙin ma ɗan ƙarami, ko tsiron ƙaho bai yi ba, ya kuɓuce daga kara, inda ake sayar da shanu, ya ji ƙamshin gishiri a jikin mai zufa, ya zo ya lashi abinsa. Suka haɗa ido.

Ni ina gefe da tayar keken wani a hannu ina faci, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Lado ya saki wata irin ƙara, ya zuba da gudu. Ya tsallake mai daddawa, ya ture faifan mai kuɓewa, ya ratsa 'yan tukwane bai fasa ko ɗaya ba, abin da har yau nake mamaki. Maraƙin ya ɗauka wasa ne, ya ɗaga wutsiya ya bi shi. Da Lado ya ga ba mafita sai ya faɗa karofi, ya taka murfin wata rijiyar rini da ya ruɓe, ya lume har wuya. Da sanda marina suka ciro shi, kamar zane. Ya fito shuɗi tas in ban da kai. A motar komowa Dutsin-Ma ba wanda ya yarda ya zauna kusa da shi sai ni, ni ma don in samu sukunin yi mashi jaje tun daga Kurfi har ƙofar gida.

"Sannu, Lado. Allah ya kiyaye gaba. Ka ga haƙoransa kuwa? Da ya cim maka, ai sai dai mu tsinci takalma."

Ya juya ya ba ni ƙeya. Lado ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa zama da shi yake mani daɗi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, katangar ma ta zube ta wajen turmi, har matanmu suna miƙa wa juna gishiri ta nan. Lado mahauci ne ɗan mahauci, jikan mahauci. In saniya ta faɗi an feɗe ta, ba wanda ya fi shi hannu a garin nan. Tsirensa ma'aikatan gwamnati har layi suke yi mashi da yamma, kilishinsa kuwa ana kai shi tsaraba har Kaduna. Amma fa sai ta faɗi. Muddin dabba tana tsaye da ƙafafunta tana numfashi, Lado yana can bayan wani. In Fulani suka koro shanu ta hanyarmu, sai ka ga ya tuna yana da abin yi a ɗaki.

Abin da ya sa gari ya ɗauki abin da zafi shi ne ubansa. Baba Rabo a zamaninsa shi ne mai hawan ƙaho na ƙasar nan tamu. Ga wanda bai taɓa gani ba: ana kawo sa mai faɗa tsakiyar fili, igiya ɗaya a wuyansa mutane suna riƙe ta gaba, igiya ɗaya a ƙafarsa ta baya. Masu kalangu su yi ta kiɗa har mutum ya tsumu, ya fito daga shi sai warki da layu, ya je ya kifa cikinsa tsakanin ƙahonnin nan biyu, ya rungume wuyan. San ya yi ta watsa shi sama da ƙasa. Sauka kuma ba a hannunsa take ba. Sai na igiyar baya ya fizge ƙafar san daidai lokacin da ya dace, san ya durƙusa, sannan mutum ya zame. In aka fizga da wuri ko aka makara, shi ke nan, sai a nemo tabarma.

Baba Rabo ya yi wannan wasa tun daga Kurfi har ƙauyukan Safana. Ya bar ido ɗaya a can, da haƙarƙari biyu, ƙafar hagu kuma ta dawo a karkace. Rekiya matar Lado ta taɓa gaya wa iyalina cewa ran da ƙaho ya shiga idon tsohon, Lado yana ƙarami yana tsaye a gaba, shi aka ba hular uban ya riƙe. Na ji wannan, na ce Allah sarki. Amma ban fasa tsokanarsa ba, don in na fasa zai ɗauka ba ni da lafiya.

Lokacin da nake ba da labari an daɗe da barin wasan a garinmu. Tsohon ya haura saba'in, yana zaune a zaure kan buzu da carbi, ba ya cin komai sai kunu da tuwo mai laushi. In ka gaishe shi sai ya juyo da idon nan ɗaya ya daɗe yana dubanka kafin ya amsa. Kowa ya ɗauka wutar ta mutu.

Sai shekarar saba'in da bakwai ta zo, rediyo ba ta da zance sai na al'adun gargajiya. Manyan garinmu suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Aka kafa kwamiti, aka ce bayan an kai amfanin gona gida za a yi Ranar Al'ada a filin ƙwallo, kowace sana'a ta fito da abin iyayenta. Maƙera su yi wasa da wuta, masaƙa su kafa masaƙarsu a fili, dukawa su baje jakunkuna, matan Fulani su zo da ƙorensu masu zane, 'yan dambe, 'yan kama, 'yan mata masu gaɗa. Wani akawu mai suna Obadiya, mutumin kudancin Zariya, mai fara'a, mai cin tsiren Lado bashi ba ya shiga tsakaninsu, shi aka sa ya zaga gari a bayan mota da lasifika yana shela. Da ya zo ƙofar gidanmu ya ƙare da cewa, "Su kuma mahauta za su nuna mana hawan ƙaho!"

Ina zaune a zauren su Lado lokacin. Na ga carbin Baba Rabo ya tsaya.

Kashegari da hantsi Rekiya ta leƙo ta wajen turmi.

"Malam Sabitu, zo ka ga abin da Baba ke yi."

Na leƙa. Tsohon ya ciro warkinsa daga ƙasan gado, ya shimfiɗa a rana, yana shafa mashi man shanu da tafin hannu a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Layun nan baƙaƙe ya jera su a kan tabarma.

Na ce, "Baba, za a kai wa dukawa ne su nuna a wurin biki?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Fata in ta bushe tana yanka cinya."

Rekiya ta dube ni, na dube ta. Ranar ban sami abin dariya ba sai da la'asar.

Daga nan gidan ya canza. Tsohon da sai an ɗaga shi, ya fara zagaya tsakar gida da asuba ba sanda. Ya ce a daina dama mashi kunu, nama yake so. Ya aika a ɗebo mashi wasu saiwoyi daga gindin dutse, yana jiƙawa yana sha, warinsu har gidana. Lado kuwa sai ramewa yake. Tsirensa ya fara ƙonewa, shi da bai taɓa ƙona tsinke ɗaya ba.

Wurin Obadiya Lado ya fara zuwa. Obadiya ya saurare shi, ya ce wallahi bai san akwai wannan a ƙasa ba, ya yi alkawarin zai roƙi kwamiti a cire hawan ƙaho. Ya kuwa roƙa. Amma mahautan Kurfi sun riga sun ji, sun aiko cewa in mutanen Dutsin-Ma ba su da namiji su faɗa, za su zo da nasu. Da wannan magana ta shiga kasuwa, ko wa ya isa ya cire? Obadiya ya zo da kansa ya ba da haƙuri, ya ce abin da zai iya yi shi ne ba zai kira sunan tsohon a lasifika ba.

Lado ya ce, "Ba lasifika ke kiransa ba."

Kalangu ke kiransa. Kowane gidan mahauta yana da takensa, kuma gidan da ke kaɗa wa gidan Rabo tun kaka da kakanni shi ne gidan Ummaru mai kalangu na Kurfi. Ran kasuwa na raka Lado wurinsa. Muka same shi a rumfa yana ɗaure tsarkiyar kalangu. Lado ya durƙusa har ƙasa, babba da shi.

"Baba Ummaru, don girman Allah, ran nan ka kaɗa wa kowa, ka tsallake gidanmu."

Ummaru ya daɗe yana jan tsarkiya da haƙori. Sannan ya ce, "Ɗan nan, ni in ga sa a fili, in ga Rabo zaune da ransa, in tsallake shi? Ai na kashe shi ke nan tun kafin san ya taɓa shi. Gari zai ce makaɗinsa ma ya san ya ƙare. Kuma ko na ce zan tsallake, hannun nan ba zai yarda ba."

"Zai mutu a fili."

"Shi ya gaya maka yana son ya mutu a ɗaki?"

Na ce bari in sa baki ko a samu sauƙi. Na ce, "Baba, to ka kaɗa a hankali mana, ai kunnensa ya yi nauyi."

Ya harare ni. "Kai wane gida?"

"Gidan faci."

"To ku ba ku da take, rufe mana baki." Ya juya ga Lado, ya sassauta murya. "Ni dai abin da na sani, gida ɗaya ba ya ba da ciki biyu a rana ɗaya. In aka kaɗa take, wanda ya fara isa ƙaho shi ya amsa wa gidan. Kuma in naka yana kan ƙaho, ba ka barin bare ya riƙe mashi igiyar baya. Kai ne za ka riƙe, ko kana rarrafe. Haka muka tarar. Ban ce maka komai ba."

Muka hau mota. Tun daga Kurfi har gida ban tsokane shi ba, shi ma bai dube ni ba.

Ana saura 'yan kwanaki aka kawo san. Wani Bafulatani mai suna Jibo ya koro shi daga rugarsu ta wajen Kutawa, jan sa mai dogon ƙaho, irin wanda ƙahon ya buɗe sannan ya lanƙwaso ciki. Aka ɗaure shi a gindin tsamiyar bayan mahauta. Duk gari aka tafi kallo. Abin da ya dame ni da shi, ba ya kuka, ba ya tonon ƙasa, ba ya fizgar igiya. Tsayawa kawai yake yi yana bin mutum da ido. Jibo ya ce ya rabu da shi ne don ya farke cikin jakinsa, kuma ranar ma haka ya tsaya shiru tun safe.

"Wanda ke huci ba ya ba ni tsoro," in ji Jibo. "Wannan tunani yake yi."

Baba Rabo ya zo da ƙafarsa, ya tsaya gaban san, kusa ƙwarai. Suka daɗe suna duban juna, mai ido ɗaya da mai ido biyu. Sannan tsohon ya yi murmushi. Shekara da shekaru ina maƙwabtaka da su ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Rekiya ta ce a kulle tsohon a ɗaki. Lado ya ce in aka kulle shi, kuma ya ji takensa daga nesa, zai fasa kansa a jikin ƙyaure. Ta ce a kai shi wurin 'yarsa a Charanci. Tsohon ya ce ba inda za shi. Ta ce to a zuba mashi wani abu a fura ya yi barci. Ranar bikin ya ƙi cin komai, ya ce ba a hawa da ciki cike.

Filin ya cika tun hantsi. Gaskiya an yi abin kallo. Maƙera suka lashi jan ƙarfe, wata tsohuwa ta kaɗa zare a gaban manyan baƙi har aka yi mata tafi, 'yan kama suka kwaikwayi mai duba-gari har shi kansa ya yi dariya. Ni dai ban ji daɗin komai ba, don duk inda na juya sai in hango tsamiyar nan. Lado ya kafa tukubarsa a bakin fili, ba ta inda 'yan kasuwa suke ba, can kusa da inda za a shigo da san. Na je na same shi.

"Lado, nan ka zauna? Ko ka manta abin da za a shigo da shi yana da rai?"

Ya ce, "Riƙe mani maficin nan."

Bayan la'asar aka shigo da shi. Mutum wajen goma a igiyar gaba, wasu a ta baya. Filin ya yi tsit har kana jin kukan tsarkiya. Ummaru ya fara da gidajen Kurfi. Wani saurayi nasu ya fito yana tsalle, ya zagaya san, ya dubi ƙahon nan, ya ci gaba da zagayawa har ya zagaye ya koma cikin mutane. Ba wanda ya yi mashi dariya. Sai Ummaru ya matse kalangu a hammata, ya juya ya fuskanci inda Baba Rabo yake zaune a cikin dattawa, ya canza hannu.

Ni ba ɗan gidan ba ne, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Tsohon ya fara karkarwa tun daga kafaɗa. Ya miƙe, ya yar da babbar riga, ga warki a ƙasa ya sha mai, ga layu, ga haƙarƙari duk a waje kamar kwando. Ya ɗaga hannu ya yi kururuwa da wata murya da ban san yana da ita ba. Mata suka fara salati. Ya taho yana jan ƙafar nan karkatacciya, san kuma ya sunkuyar da kai a hankali, ya daina kallon kowa sai shi.

Ban ga tashin Lado ba. Na dai ga wani abu ya wuce ni da gudu, da riga da wando da hula, ba warki ba laya, ba kirari ba rawa. Irin gudun nan nasa ne na tsoro, sai dai wannan karon gaba ya nufa. Idonsa a rufe. Wallahi a rufe, na gani. Ya wuce uban, ya je ya faɗa tsakanin ƙahonnin kamar buhun da aka jefo daga mota, ya ƙanƙame wuyan, ya fara ihu yana kiran sunan uwarsa da ta daɗe da rasuwa.

San ya ɗaga shi sama. Ya buga shi ƙasa. Ya sake ɗagawa. Masu igiyar gaba suka bi ƙasa da gwiwa.

Baba Rabo ya tsaya cak a tsakiyar fili, hannunsa a sama. Na ga fuskarsa. Ba murna ba ce, fushi ne, irin na wanda aka fizge wa akushi daga gaba. Ya dubi ƙahon, an riga shi. Kalangun Ummaru bai tsaya ba. Sai tsohon ya tofar da yawu, ya juya, ya zagaya bayan san da ɗingishinsa, ya daka wa mutanen Kurfi da ke riƙe da igiyar baya tsawa.

"Ku ba ni nan! Ɗan wa ke sama?"

Ya naɗe igiyar a hannu, sauran suka koma bayansa suka kama. Bai ja ba. Lado na ihu, mutane na ihu a ja, Rekiya ta faɗi a cikin mata, tsohon yana tsaye yana kallon ƙafar san da idonsa ɗaya. Sai da san ya ɗaga gaba zai sake bugawa, nauyinsa duk ya koma baya, sannan ya ce, "Yanzu!" Suka fizga. San ya zube a gwiwa.

"Saki, ɗan banza! Saki ka mirgina hagu!"

Lado bai saki ba. Ba wanda ya taɓa koya mashi saki. Sai da mutum huɗu suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan ƙahon dama ya riga ya shiga cinyarsa ya fita.

Ya yi wata biyu a kwance. Na shiga duba shi na tarar da uban zaune a bakin gado yana yi mashi faɗa.

"Wa ya ce maka ana rufe ido? Kuma da hula! Ka kunyata ni gaban mutanen Kurfi. Baɗi ka zauna ka ga yadda ake yi."

Da tsohon ya fita na ce, "Baɗi kuma?"

Lado yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Kwamiti sun ce abin ya yi kyau. Duk shekara za a riƙa yi."

Haka kuwa aka yi. Wannan ita ce rayuwar maƙwabcina daga nan. Da an fara yankan gero sai ka ga warki a rana yana shan man shanu, sai ka ga Lado ya fara ramewa. Kada wani ya ce maka ya saba, ko ya yi zuciya. Ƙarya ne. Ana gobe biki ba ya iya riƙe ruwa a cikinsa, ina jin zirga-zirgarsa ta bayan katanga. Shanun Fulani in sun biyo ta hanyarmu har yanzu ɗaki yake shiga. Abin da ya koya kawai shi ne saki, da mirginawa hagu. Idon dai bai taɓa buɗewa ba.

Tsohon kuma bai taɓa sallamawa ba. Kowace shekara yana shirin shi zai hau, kowace shekara yana neman wurin zama mafi kusa da fili. Lado ya matso da tukuba, shi ma ya matso da buzu. Wata shekara ya ɓuya a cikin masu igiyar gaba da rawani ya rufe fuska, sai da Rekiya ta gane ƙafar ta ƙwala ihu. A ranar, da taku ɗaya Lado ya riga shi, har kafaɗarsu ta gogi juna, kuma ranar ce ya bar haƙora uku a fili. Wata shekarar kafaɗa ta goce. Wata shekarar ƙaho ya tsaga mashi kunne. Mutanen Kurfi suka fara yi mashi kirari, 'yan mata suka sa shi a waƙar gaɗa, shi kuwa in ya ji sai ya ce a yi mashi shiru, kansa ke ciwo.

Da ciwon shanu ya shigo ƙasar nan, garkuna suka ƙare, Jibo da kansa ya koma noman rani a bakin ruwan Zobe, sai muka ce to bana an huta. Rekiya har ta yi sadakar waina. Ina! Sai da aka nemo wani baƙin sa daga wajen Jibiya. Ramamme ne, amma yunwa ta sa shi mugunta. Shi ne ya taka Lado a ƙirji, tun daga nan in ya yi tari sai ya dafa bango.

Na taɓa tambayar tsohon, muna zaune a zaure, na ce, "Baba, ba ka tausayin yaron nan? Ka ce ka bari mana, shi ma ya huta."

Ya juyo da idon ya daɗe a kaina. Ya ce, "Ni na aike shi? Rigima ce da shi. Kullum sai ya tare mani hanya." Ya ja carbi. Can ya ce, "Amma ba wanda zai riƙe mashi igiya in ba ni ba. Waɗannan yaran hannunsu na rawa."

Baba Rabo ya rasu da damina, shekarar da aka ba mu jiharmu ta Katsina. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. A kan gadonsa, a ɗaki, Lado na riƙe da kansa, Rekiya na ɗiga mashi ruwa da ludayi. Ummaru ya zo gaisuwa daga Kurfi.

Da kaka ta yi aka sake Ranar Al'ada. Wannan karon Lado ya kafa tukubarsa can cikin 'yan kasuwa, nesa da fili, kusa da masu rake. Na zauna a bencinsa. Aka shigo da sa, wani fari mai tozo. Ummaru ya gama da gidajen Kurfi, ya juya yana neman inda Lado yake, ya matse kalangu, ya saki taken gidan Rabo. Filin duk ya waiwayo. Yara suka fara buɗe mashi hanya. Obadiya, da ya zama babba a ofis lokacin, ya miƙe tsaye a rumfar baƙi yana leƙe.

Lado ya juya tsire. Ya barbaɗa ƙuli. Ya ɗauki mafici.

Ummaru ya sake bugawa, ya ƙara ƙarfi. Mutane suka fara gunaguni. Na zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai, Sarkin Ƙaho, gidanku ake kira. Ko tsoron ya dawo?"

Bai ko ɗago daga wutar ba.

"Da can ina ya je? Ni ban taɓa hawa don kalangu ba, Sabitu. Sa ne ke neman ubana, na hana shi, ƙasa ta zo ta ɗauka ba ta tambaye ni ba. Kai naka uban yana nan da ransa a Kutawa. In kana ƙaunarsa, ga fili ga sa, ni zan riƙe maka igiya."